Ruwa ba ya tsami banza: wa za a kama in kowa ya ɓata kogi kaɗan-kaɗan?

Ɗan Su:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na san manoma sun yi yawa a nan, don Allah kada wani ya ce da shi nake. Shekaranjiya da asuba na je duba ragar da na kafa, tun kafin in ƙarasa bakin ruwa wari ya tare ni. Kifi birjik a gefen gaɓa, ciki sama, ƙanana sun fi yawa, har da kwaɗi. Da na haura sama kaɗan sai ga robobin maganin feshi guda huɗu a cikin ciyawa, ɗaya ko murfi babu, ga sawun inda aka tsuguna aka wanke famfon feshi. Wannan da idona na gani.

Amma damuwata ta wuce ta shekaranjiya. An daɗe ruwan yana sauya kama. Da damina ja wur, da rani kore shar, gansakuka ta lulluɓe shi, in ka jawo raga kamar jiƙaƙƙen bargo kake ja. Babu masana'anta ko ɗaya a samanmu, gonaki ne kawai. In mutum ɗaya ne ya ɓata, sai a kai ƙararsa. In mutum dubu ne fa, kowa ya zuba ɗan nasa?

Baba Mai Garma:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri. Wanda ya wanke famfo a kogi bai kyauta ba, wannan babu gardama. Amma a daina ɗora wa manomi jakar tsaba. Taki da guminmu muke saye, da ƙyar da jiɓin goshi. Wane mai hankali ne zai sayi buhu ya je ya ciyar da gansakuka? Na haura shekara arba'in ina noma, ban taɓa zuba ko cokali ɗaya a ruwa ba.

Malamar Kimiyya:
Baba, na yarda ba ka taɓa zubawa ba. Ruwan sama ne ke zuba maka. Kowane kogi yana da ƙasar da ke ciyar da shi, wato duk faɗin wurin da in ruwa ya sauka, komai nisansa, gangarensa wannan kogin ne. Gonar da ke tafiyar yini daga gaɓa tana cikin lissafi, muddin kwatar da ke gefenta tana kai wa rafi, rafin kuma yana kai wa kogi.

Abu uku ruwan ke ɗebowa daga gona. Akwai ƙasar kanta, ita ce jan ruwan da Ɗan Su ke gani da damina, tana cike gurbin kogi tana binne wuraren da kifi ke ƙwai. Akwai magungunan feshi. Sai kuma taki, na zamani da na dabbobi, kuma shi ne mai wuyar ganewa domin ba guba ba ne, abinci ne. Naitirojin da fosfaras ɗin da ke sa masara ta yi baƙi ƙirin don kore, su ne ke sa gansakuka ta haukace a ruwa. In ta mutu ta nutse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita sai su shanye iskar oksijin da ke narke a ruwan. Da rana gansakuka na fitar da iska, da dare kuma shaƙa take yi, shi ya sa kifi ya fi mutuwa gab da asuba. Saboda haka kifin shekaranjiya zai iya zama aikin maganin da aka wanke, zai iya zama shaƙewa, zai iya zama duka biyun sun haɗu.

Kuma Baba, ga abin da ya shafi aljihunka: in aka dubi duniya baki ɗaya, naitirojin ɗin da ake zuba wa gonaki, wanda shuka ke amfana da shi bai kai rabi ba. Saura iska da ruwa ne ke rabawa.

Baba Mai Garma:
Tsaya 'yata. Kina nufin rabin buhuna ba ya shiga masara?

Malamin Gona:
Ranka ya daɗe, ya danganta da yadda ka zuba. In ka watsa yuriya a saman busasshiyar ƙasa cikin zafin rana, wani kaso zai tashi iska. Ka taɓa jin warin nan mai hawa kai kwana biyu bayan watsi? Kuɗinka ne ke tashi. In kuma ka ga hadari ya haɗu ka ruga ka watsa don ruwa ya narkar maka, sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, to ka yi wa kogi sadaka. Yayyafi ake so, ko ƙasa mai danshi, a tona a zuba a rufe. A kuma raba shi biyu ko uku gwargwadon girman shukar, domin jaririyar shuka ba za ta iya cinye abincin babba ba. Masu binciken cibiyar nazarin amfanin gona ta ICRISAT sun daɗe suna koyar da zuba cikin murfin kwalba ɗaya a gindin shuka maimakon watsi, manoman shinkafa a Bangaladash kuma suna dunƙule yuriya su cusa ta cikin taɓo.

Babban misali a ƙasar Sin yake. Daga 2005 zuwa 2015 masana da malaman gona suka yi aiki da ƙananan manoma kusan miliyan 21, suna gwaji a gonakin mutanen da kansu. Amfanin gona ya ƙaru da wajen kashi 11 cikin ɗari, takin naitirojin kuma ya ragu da kashi 15 zuwa 18. Manomi ya ga gonar maƙwabcinsa ta fi tasa da taki kaɗan, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Mai Lambu:
Malam, wannan matsalar masu ƙoshi ce. A 2006 da shugabannin Afirka suka yi taro kan taki, lissafin da aka fitar shi ne kilo 8 kacal ake zubawa a hekta a kudu da Sahara, aka sa burin kaiwa kilo 50. Mai fama da rashi kuma za a ce ya rage?

Malamar Kimiyya:
Ƙanina, gaskiyarka ta wani ɓangare. Ba wanda ya ce mai kilo 8 ya rage. Sai dai matsakaicin lissafi yana ɓoye abu. Lambun rani da ke manne da gaɓa, wanda ake wa taki da feshi duk mako, ruwan ban-ruwansa kuma yana komawa kogi kai tsaye, shi ba ya cikin masu kilo 8. Inda taki ya yi ƙaranci kuwa, abin da ke ɓata kogi shi ne zaizayar ƙasa, da kashin dabbobi, da maganin feshi. Fosfaras ma a jikin ƙasa yake maƙalewa, in ƙasar ta tafi da shi take tafiya.

Injiniyan Ruwa:
Bari in shigo daga can ƙasa, inda komai ke tarar da mu. Aikina tace ruwan sha. Ranar da aka kwana ana ruwa, tun kafin in kai wurin aiki na san alif ɗin da za mu zuba ya ninka, matatai za su toshe, za mu rage ruwan da muke turawa, mutane su yi ta zaginmu. Laka dai muna iya mata. Naitiret, wato naitirojin ɗin taki da ke narke a ruwa, da wasu magungunan feshi kuwa tacewa ta yau da kullum ba ta cire su, sai an kawo na'urori masu tsadar gaske.

Kada a ɗauka ƙasashe masu kuɗi sun tsira. A watan Agusta na 2014 aka hana mutanen Toledo a jihar Ohayo ta Amurka, sama da mutum 400,000, shan ruwan famfo na kusan kwana uku. Gansakuka ce mai guba ta mamaye tafkin Eri inda suke ɗiban ruwa, abin da ya ciyar da ita kuma galibi fosfaras ne da kogin Maumee ke kwasowa daga gonaki. Har gargaɗi aka yi musu kada su tafasa, domin tafasawa ba ta kashe gubar, ƙara mata ƙarfi take yi.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Injiniya, ni fa duk zatona in na tafasa ruwa shi ke nan. Ina da jariri.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, ki ci gaba da tafasawa, tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma su ne suka fi kashe yara. Abin da ba ta cirewa shi ne sinadari. Naitiret in aka tafasa, ruwan ne ke raguwa shi yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 50 a lita, saboda jariran da ake dama wa madara da ruwan. In ya yi yawa yana hana jininsu ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Haɗarin ya fi yawa a rijiya mara zurfi da ke kusa da garke, ko masai, ko gonar da ake tula wa taki. In irinta kike sha, a gwada. Shayar da nono ya fi kare jariri daga wannan.

Ɗalibin Lauya:
Da izinin manya. Ni duk wannan maganar haɗin kai ba ta burge ni ba. Doka ce magani. Tarayyar Turai tun 1991 ta kafa dokar naitiret: a yankunan da ke cikin haɗari ba za ka wuce kilo 170 na naitirojin daga kashin dabbobi a hekta a shekara ba, kuma akwai watannin da ba a zuba taki sam. Ku kwatanta da Amurka, inda aka fi dogara da lallashi. Kogin Misisifi yana kwasar ruwa daga jihohi 31 ya juye a tekun Mekziko, duk bazara sai an samu makeken wuri a ƙarƙashin teku inda iska ta ƙare, kifi da jatan lande ko su gudu ko su mutu. A 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. An kafa kwamiti tun 1997, aka yi alkawarin rage shi zuwa 5,000 nan da 2015, da lokaci ya yi sai aka ɗaga zuwa 2035. Wannan shi ne sakamakon "don Allah ku taimaka".

Malamin Gona:
Lauya, ba na musun doka, amma ka dubi yadda take yi in ta faɗo daga sama. Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilun 2021, dare ɗaya, shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye. A Holan, 2019, da aka taso da batun rage naitirojin, manoma suka fito da taraktoci suka toshe manyan hanyoyi. Kotu ma an gwada. Hukumar ruwan birnin Des Moines a jihar Ayowa ta kai ƙananan hukumomi uku na samanta ƙara a 2015 kan naitiret ɗin da ke fitowa daga magudanan gonaki, a 2017 aka kori ƙarar. Bututun masana'anta kana iya tsayawa a bakinsa da kwalba ka ce ga mai laifi. Gona dubu goma fa, jami'i nawa za ka ɗauka, kuma wa zai tsaya a kan kowa da tsakar dare yana jiran ruwan sama?

Ɗalibin Lauya:
To sai a naɗe hannu?

Injiniyan Ruwa:
A'a. Ga wanda ya fi ba ni sha'awa, domin ku biyun kowa zai ga nasa a ciki. Birnin Niyok na Amurka yana samun kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa daga tsaunukan Katskil da kewaye, yankin masu kiwon shanun madara. Wajen 1990 dokar tarayya ta sa birnin a tsaka mai wuya: ko ya gina matata ta biliyoyin daloli, ko ya nuna zai iya kare ruwan tun daga tushe. Da farko birnin ya fito da tsauraran ƙa'idoji zai ɗora wa manoma, suka yi tsalle suka dire suka ce ba su san zancen ba. Da aka zauna, manoman suka ce: ku bar mu mu tafiyar da abin da kanmu, ku ku biya, kuma shiga ba dole. Birnin ya ce ya yarda, da sharaɗin cikin shekara biyar kashi 85 na gonakin sun shiga, in ba haka ba doka ta dawo. Manoman suka kafa majalisarsu a 1993, su ne suka riƙa bin 'yan'uwansu gida-gida, aka tsara wa kowace gona nata tsarin: inda za a tara kashi, inda za a katange rafi, inda shanu za su sha. Waɗanda suka shiga sun haura kashi 90. A 1997 aka sa hannu a babbar yarjejeniya, kuma ruwan wannan yanki ya ci gaba da zuwa birnin ba tare da waccan matata ba.

Ku lura da abin da ya haɗu. Bulala tana rataye kowa yana ganinta, mai shan ruwa ya buɗe aljihu, wanda ya je lallashin manomi kuma manomi ne ɗan'uwansa.

Ɗan Su:
Injiniya, labarin ya yi daɗi, amma ni a ƙasana babu Niyok. Ni ne a ƙasa, da kwalekwale ɗaya da raga biyu. Da me zan biya Baba?

Baba Mai Garma:
Da kifi mana, in ya rage. 😄

Malamar Kimiyya:
Baba ka ba ni dariya, amma a cikin wasa ka faɗi gaskiya: sai na sama ya ga abin da zai samu. Ba lallai kuɗi daga hannun masunci ba. A Kenya an kafa asusun ruwa na saman kogin Tana a 2015, kogin da Nairobi ke samun kusan duk ruwan shanta daga gare shi. Kamfanonin da ke amfani da ruwan da masu ba da tallafi suka zuba kuɗi, ana taimaka wa ƙananan manoman kan tudu da yin matakala a gangare, da dasa layin ciyawa, da haƙa ramin tara ruwan sama. Manomi ƙasarsa ta zauna, ga ciyawar dabba, na ƙasa kuma laka ta ragu masa. Duk kogin da ka gani akwai mai asara a ƙasansa: madatsar da ke cikewa da yashi, hukumar ruwa da ke sayen alif, masu kiwon kifi. Su ake nemowa a zaunar.

Inda kuma babu mai biya, a Ostireliya maƙwabta ne suka fara haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, abin da suke kira Landcare. Ya faro a jihar Biktoriya a 1986, zuwa 1989 ƙungiyar manoma ta ƙasa da ta masu kare muhalli, waɗanda ba sa ga maciji da juna, suka je wa gwamnati da murya ɗaya aka mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Dalilinsu mai sauƙi ne: kwazazzabo ba ya tsayawa a iyakar gona.

Tsohon Sakatare:
Na yi shiru ina karantawa, amma bari in zuba muku ruwan sanyi, don na taɓa yin sakataren irin wannan kwamiti. Mun fara da zafi. Muka yarda kowa ya bar taku biyar daga bakin rafi ba huɗa, ba feshi. Shekarar farko mutum talatin da wani abu suka bari, har na rubuta sunaye a littafi. Sai ga wani mai babbar gona a can sama, wanda bai taɓa zuwa taro ba, ya sa tarakta ta huɗe har bakin ruwa, kunyoyin ma a miƙe suka bi gangare. Ruwan farko da aka yi, rafin ya zo mana ja kamar ba mu yi komai ba. Na tuna wani dattijo ya tsaya a kan taku biyar ɗinsa, ya dubi ciyawar ya dubi ruwan, ya ce da ni, "Sakatare, ashe ni kaɗai ne wawa." Washegari ya sa garma. Kafin shekara ta zagayo littafin ya zama na lissafin bashi.

Kurakuranmu, in na waiwaya: ba mu fara da inda ɓarnar ta fi fitowa ba, mun fara da waɗanda suka fi saurin cewa to. Ba mu gayyaci makiyaya ba. Ba mu auna komai ba, don haka ba mu da abin nunawa. Kuma ba mu tanadi abin da za a yi wa wanda ya ƙi ba.

Malamar Kimiyya:
Allah ya saka, Sakatare, wannan ya fi duk misalan da muka kawo amfani. Abin da ka lissafa kusan shi ne abin da Elinor Ostrom ta gano, matar farko da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki, a 2009. Ta bi diddigin al'ummomin da suka daɗe suna raba ruwa da daji da wurin kamun kifi ba tare da sun cinye shi ba, ta ga suna da kama: an san waye a ciki waye a waje, waɗanda doka za ta hau kansu da su aka yi ta, akwai masu sa ido daga cikinsu, hukunci yana farawa da kaɗan ya riƙa hawa, akwai wurin sasanci mai sauƙi, hukuma kuma ta amince da su. Na ƙarshen nan shi ne amsar mai tarakta. Kwamitin da ba shi da mai goya masa baya, babban mutum zai taka shi ya wuce.

Batun farawa da inda ya dace kuma gaskiya ne. Sau da yawa ɗan ƙaramin ɓangare na ƙasar ne ke fitar da mafi yawan laka da fosfaras: gangare mai tsauri, bakin kwazazzabo, mashaya, wurin da ruwa ke kwanciya ya malala. A bi rafin da ƙafa ana tsakiyar ruwan sama, lema a hannu, za a ga inda jan ruwa ke shigowa.

Jikan Makiyayi:
To ga mu, tunda an ambace mu. Kullum sai an gama yanke shawara ake tuna da mai sanda. Na ji Injiniya yana cewa a katange rafi. Madalla. Saniya ta sha ina? Ni ma ba na son shanuna su tsaya cikin taɓo har gwiwa suna shan ruwan da suka yi kashi a ciki, ciwon hanta da ciwon kofato daga nan suke. Amma in ka toshe mashaya ba ka ba ni wata ba, ka kuma nome hanyar da zan bi, ka san abin da ka shuka. A ware wuri ɗaya ko biyu, a zuba dutse ya yi tauri, ko a ja ruwa zuwa kwami nesa da gaɓa, ku ga in za mu ƙi.

Injiniyan Ruwa:
Ɗan'uwa, haka ake yi a duk inda abin ya yi aiki, kwami ake fara kafawa kafin wayar shinge. Kuma kashin dabba ba abin wasa ba ne a ruwan sha. A Walkerton ta Kanada, watan Mayun 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke ƙwayoyin cuta daga takin shanu zuwa rijiyar garin, mutum 7 suka mutu, sama da 2,000 suka kwanta. Binciken da aka yi bai ɗora wa manomin laifi ba, ya bi ƙa'ida. Masu kula da ruwan ne suka yi sakaci da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Na faɗi wannan ne don kada a ce mu na ƙasa muna wanke kanmu.

Alaramma:
Allah ya yi muku albarka. Tunatarwa ɗaya: Manzon Allah (SAW) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi kan yin bayan gida a mashayar mutane. In wannan an hana, ina ga wanke guba? Babu cuta, babu cutarwa.

Malamin Gona:
Allah ya gafarta Malam. Na famfon feshi ma shi ne mafi sauƙin gyara, ba ya cin ko sisi. In magani ya ƙare a roba, a ɗauraye ta sau uku, kowane ɗauraya a juye cikin famfon a fesa a gona, sannan a huda robar don kada wani ya mai da ita ta ruwan sha. A ɗebi ruwa da bokiti a je nesa da gaɓa a haɗa magani, kada a tsoma famfo a kogi. Kada a yi feshi ana iska ko hadari na tasowa. Wasu magungunan ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, irin su endosulfan, wanda aka sa cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar duniya kan sinadarai masu haɗari ta Stockholm a 2011. Masu sayar da magani ya kamata a jawo cikin kwamiti, domin abin da suka faɗa wa manomi shi yake bi, ya fi jin maganarsu a kan tawa.

Mai Kula da Zaure:
Na goge saƙonni biyu. Wanda zai zagi wata sana'a ko ƙabila ya nemi wani zauren. A ci gaba.

Baba Mai Garma:
Na ji duka. Amma ku da ba ku riƙe fartanya ba ku sani, taku biyar na bakin ruwa shi ne tsokar gona. Nan danshi yake, nan ake samun na farko da na ƙarshe. Mai hekta ashirin ba zai ji ba. Mai 'yar fadama da ba ta fi tabarma goma ba, ka ce ya bar taku biyar, ka raba shi da kwata ɗin abincinsa.

Malamar Kimiyya:
Wannan magana ce, Baba, kuma ita ke kashe yawancin tsare-tsaren da ake zanawa a ofis. Bai kamata a yanka wa kowa riga ɗaya ba. Mai ƙaramin wuri ya dasa layin jema ko gamba ɗaya mai kauri a bakin gaɓa. Jema saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, ba ta yaɗuwa cikin gona, tana tare laka tana riƙe gaɓar da kogi ke ci duk shekara. Ka tuna taku nawa ruwa ya riga ya cinye maka ba da izininka ba? Mai babban wuri shi ya bar faɗi. Kunya kuma a gicciye gangare. Sai dai kada in yi maka ƙarya: layin ciyawa ya fi iya tare ƙasa da fosfaras. Naitiret yana narkewa ya bi ta ƙarƙashi, shi maganinsa gyara zubin taki da barin fadamu masu ciyayi su yi aikinsu na tacewa.

Sakatare, ga wani abin da ya kamata a faɗa wa mutane tun ranar farko: kogi ba ya warkewa da wuri. Laka tana iya raguwa cikin damina ɗaya ko biyu. Naitiret ɗin da ya riga ya sauka ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana iya shekaru goma ko fiye yana tsattsafowa, fosfaras ɗin da ya kwanta a taɓon gindin ruwa shi ma haka. In ba a faɗa ba, shekara biyu mutane za su ce an yaudare su.

Tsohon Sakatare:
To me za a nuna musu kafin nan? Mutum ba ya haƙuri da abin da ba ya gani.

Malamar Kimiyya:
Kwalba. Farar kwalba iri ɗaya, a ɗebi ruwa a wurare huɗu ko biyar da aka tsayar, daga sama zuwa ƙasa, bayan kowane babban ruwa. A jera su a inuwa su kwana, da safe a auna kaurin lakar da ta kwanta, a ɗauki hoto a tura wa kowa. Akwai 'yan takardun gwajin naitiret da ake tsomawa su sauya launi, ɗalibai ma za su iya. A kuma riƙa ɗaga duwatsun cikin rafi: inda ruwa ke da lafiya za ka ga ƙananan ƙwari iri-iri maƙale a ƙasan dutse, inda ya lalace sai jajayen tsutsotsi. Sharaɗi ɗaya: na sama da na ƙasa su je ɗiba tare. In masunta kaɗai suka ɗebo, manoma za su ce an zuba ƙasa a kwalbar.

Ɗalibin Lauya:
Na sassauta, amma ban sauka ba. Duk abin da aka yarda a rubuta, a sa hannu, hukuma ta buga hatimi. In ba haka ba mai tarakta zai dawo.

Tsohon Sakatare:
Zai dawo ko da hatimi, Lauya. Amma da ina da kwalba biyar a jere ranar da dattijon nan ya kira kansa wawa, da na nuna masa tasa ta fi ta sama haske.

Ɗan Su:
Na gode ƙwarai. Ɗazu na koma na kwashe robobin, na sa leda a hannu kamar yadda Malamin Gona ya turo mini ta gefe. Na gane mai su, yaro ne ɗan ƙwadago da ake biya ya yi feshi, ko karanta abin da ke jikin robar bai iya ba, hannunsa duk ya saɓule. Ban iya yi masa faɗa ba. Na ce ya kai ni wurin mai gonar gobe.

Baba Mai Garma:
Ka je da dattijo, kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka fara da maganar kifi, fara da hannun yaron. Ni kuma bana zan gwada jema layi ɗaya, taku biyu, ba biyar ba. Jikan Makiyayi, in ta fito ka riƙe mini shanunka.

Jikan Makiyayi:
In ta yi ƙwari ba su cika damuwa da ita ba, Baba, sabon toho ne abin tsoro. Ka faɗa mini watan da za ka dasa. Kwamin fa, wa zai kawo siminti?